Tambayoyin masu karatu: tsohon da ya faɗi a asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar Tawa ce. An kwantar da mahaifina, mai shekara 78, a wani asibiti saboda ciwon huhu, ga shi dama yana fama da hawan jini. Ƴan'uwana maza suna wajen bida, ɗaya a Abijan, ɗaya a Libiya, saboda haka ni da matar yayana muke karɓa-karɓar jinya. Wani dare da ita ce ke kwana a wurinsa, Baba ya sauko daga gado shi kaɗai zai je makewayi, bai tashe ta ba, kuma kafin ya kai ƙofa ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya fashe har sai da aka yi ɗinki. An ɗauki hoto an ce babu karaya, mun gode wa Allah. Wata mai jinya a ɗakin ta ba ni shawarar in riƙa ɗaure hannunsa da zane a jikin gado da dare, ko kuma in roƙi a rubuta masa maganin barci. Ni dai yanzu na hana shi sauka ko da rana ne, komai a kan gado nake so ya yi, shi kuwa ransa yana ɓaci. Shin abin da nake yi daidai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka muku da alheri bisa wannan ɗawainiya. Zan fara da shawarwarin nan biyu da aka ba ki, domin su ne suka fi gaggawa: kada ki ɗaure shi, kuma kada ki nemi maganin barci da nufin ya kwanta shiru. Tsohon da ya farka cikin dare fitsari ya matse shi, ya kuma tarar da hannunsa a ɗaure, ba ya haƙura ya koma barci, fizga yake yi da kokawa, kuma a wannan kokawar ce ake samun gurɗewar kafaɗa, da saɓulewar fata, da zamewa daga gado hannu na rataye. Ban da wannan, akwai mutuncinsa, wanda a shekarunsa ya fi masa komai. Maganin barci irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, yana daɗewa a jikin tsoho fiye da jikin yaro, yana kashe masa gwiwa, yana dusashe masa tunani, amma ba ya hana mafitsara cika, don haka zai tashi duk da haka, sai dai ya tashi yana tangaɗi. Wanda ya bi wannan hanya ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Fargabar da kike ciki tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke rasuwa a duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kowa kusa da sake faɗuwa. Sai dai hanyar da kika ɗauka, ta hana shi sauka gaba ɗaya, ita ma tana da nata hatsarin da ba a gani sai an zo sallama. Jikin tsoho yana saurin zagwanyewa idan ya daina aiki. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya a gado kwana 10, kuma a ƙarshensa an tarar naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo guda. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, balle wanda zazzaɓi ya ci jikinsa kuma ba ya cin abinci sosai. Ga mai ciwon huhu ma kwanciyar ta fi muni, domin majina tana taruwa a ƙirjin wanda ba ya zama ba ya motsi, sannan ga gyambon kwanciya da ke fitowa a kwankwaso da duga-dugai. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka shiga asibiti da ƙafarsu suka fito a kan keke, ba cutar da ta kai su ce ta kassara su ba, doguwar kwanciya ce. Abin da ake so shi ne Baba ya riƙa tashi kullum, gwargwadon abin da likitansa ya yarda, amma kada ya taɓa tashi shi kaɗai.

Yanzu mu koma ga daren da abin ya faru, domin a ganina amsar tana cikin wasiƙarki. Kin ce matar yayanki ce ke wurin, kuma bai tashe ta ba. Ba mantuwa ya yi ba, kunya ce. Dattijon Bahaushe zai gwammace ya rarrafa cikin duhu da ya buɗe baki ya gaya wa surukarsa cewa zai zaga, kuma ko ke ƴarsa, musamman in ke ce ta fari, ba lalle ya iya faɗa miki ba. Wannan kunya tarbiyya ce mai kyau, ba abin da za a yi masa faɗa a kai ba ne, amma dole a tsara jinyar ta yadda ba za ta jefa shi cikin hatsari ba. Ku nemo namiji ya riƙa kwana da shi, ƙanensa, ko ɗan ƙanensa, ko kuma jikansa da ya yi hankali, wanda a ganina shi ya fi dacewa, saboda wasan da ke tsakanin kaka da jika yana kawar da nauyin baki. Idan hakan bai samu ba, ku yi magana da wani namiji daga cikin masu jinyar da ke ɗakin, ku yi yarjejeniya ya riƙa raka Baba, ku kuma ku riƙa taimaka masa da wani abin. Sannan kada a jira sai ya nema. A raka shi makewayi kafin ya kwanta, a sake tambayarsa a tsakiyar dare, a kuma raka shi kafin asuba, ta yadda zagawar za ta zama abin da aka saba yi a kan lokaci, wanda ba sai ya roƙa ba. A ajiye masa mazubin fitsari mai murfi inda hannunsa zai kai, a kare shi da labule ko zane idan zai yi amfani da shi. In kuma kin lura yana yawan tashi fitsari, ko yana daɗewa kafin ya fito, ko yana ɗiga, ki gaya wa likita, domin kumburin furostat, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zama ruwan dare ga maza masu shekarunsa, kuma yana da magani.

Abu na biyu da nake zargi shi ne jirin tashi tsaye. Idan mutum ya miƙe, jini yana gangarawa ƙafafu, jijiyoyi kuma su matse nan take su mayar da shi sama. Ga tsoho wannan aiki yana yin jinkiri, kuma zazzaɓi, da rashin ruwa a jiki, da kwanciyar kwanaki, da maganin hawan jini, duk suna ƙara masa jinkirin, sai ya taka biyu ko uku idonsa ya rufe. Ana iya gane wannan cikin sauƙi. Ki roƙi malamin jinya ya auna jininsa bayan ya yi minti 5 a kwance, sannan a sake aunawa bayan ya yi minti 1 a tsaye, da kuma bayan minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 2 a yadda muke faɗin awo a nan, misali daga 14 zuwa 12, ko ta ƙasa ta sauka da 1, to lalle likita ya sake duba magungunansa. Ki tattara duk abin da yake sha ki nuna, har da wanda aka sayo a kasuwa da jiƙe-jiƙen da masu dubiya ke kawowa. Maganin sa fitsari irin su furosemid idan aka sha shi da yamma yana tayar da mutum sau da yawa cikin dare, alhali sau tari ana iya mayar da shi safe. Tramol, da wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi, suna sa maye da jiri, maganin ciwon sukari kuma yana iya saukar da sukari ƙasa sosai idan mara lafiya bai ci abinci ba. Amma kada ki dakatar da kowane magani da kanki, musamman na hawan jini. Ki kuma lura da shan ruwansa, domin tsofaffi da yawa suna rage sha da gangan don kada su wahalar da mai raka su, kuma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Adar wannan kaɗai ya isa ya kayar da mutum. In dai likita bai ƙayyade masa ruwa ba, a ba shi ya sha sosai da rana, a rage bayan isha'i.

Tashin da kansa yana da ƙa'ida. Ya fara juyawa a gefensa, ya zauna a bakin gado ƙafafunsa na taɓa ƙasa, ya yi minti ɗaya ko biyu yana motsa su, a tambaye shi ko yana jin jiri, sannan ya miƙe ya ɗan tsaya kafin ya taka. Mai taimakonsa ya tsaya ta ɓangaren da ya fi rauni, ya riƙe shi ta ƙugu, kada ya ja shi da hannu. Idan ya ji jikin Baba ya saki, kada ya yi ƙoƙarin tsayar da shi da ƙarfi har su faɗi tare, sai ya jingina shi a jikinsa ya sauke shi ƙasa a hankali yana kare kansa.

Ki kuma dubi gefen gadon da idon wanda zai taka cikin duhu. A asibitocinmu mai jinya yana shimfiɗa tabarmarsa a gindin gado, kusa da ita ga kwanukan abinci, ga buta, ga bokiti, ga wayar cajin salula, kuma duk a daidai wurin da mara lafiya zai sauke ƙafa. Ku mayar da kayan ƙarƙashin gado ko ɗaya gefen, ku bar masa hanya fili har ƙofa. A soke gidan sauro da kyau kada gefensa ya sauko ya harɗe shi, a tabbata an danne birkin gado in mai taya ne, a sauke shi ƙasa in ana iya saukewa. Cocila ta kasance a ƙarƙashin matashinsa saboda ɗaukewar wuta, tabaransa da sandarsa kuma su kwana inda zai laluba ya samu. Silifa a kan jiƙaƙƙen daɓe ta kayar da mutane da yawa, don haka a samo masa takalmi mai kama dunduniya wanda ƙasansa ba ya santsi, a kuma sa masa riga da wando da ba sa jan ƙasa. Ƙarfen gefen gado yana taimaka wa wanda ba ya iya motsi kada ya mirgino, amma ga wanda ke da ƙarfin tashi, tsallake shi yake yi, sai ya faɗo daga wurin da ya fi tsawo.

Alwala da salla su ma a yi musu tanadi, domin na san Baba ba zai yarda a taɓa masa su ba, kuma bai kamata a taɓa ba. A kawo masa buta da roba ya yi alwala a zaune a bakin gado, a goge ruwan da ya zuba nan take. Addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zama ya gagara, kuma idan ya ji wannan daga bakin malamin da yake girmamawa zai fi karɓa fiye da daga bakinki.

Akwai abu ɗaya da nake so ki sa wa ido sosai, wato ruɗewa. Idan kika ga Baba ya fara sambatu da dare, ko bai gane inda yake ba, ko yana neman fita wai zai je gona ko masallaci, ko kuma ya yi shiru da yawan barcin da ba halinsa ba, kada ki ɗauka tsufa ne ko iska. Cutar jiki, da rashin ruwa, da riƙewar fitsari, da wasu magunguna suna birkita ƙwaƙwalwar tsoho cikin kwana ɗaya, kuma yawanci tana dawowa daidai idan an magance sanadin, amma a wannan hali ne aka fi faɗuwa. Tun da kuma ya bugu a kai, ku ci gaba da lura har tsawon makonni, domin jini yana iya tsattsafowa a hankali a cikin ƙoƙon kai ba tare da ya nuna a ranar farko ba, musamman ga mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, nauyin harshe, raunin ɓangare ɗaya na jiki ko yawan barci, kowannensu dalili ne na kiran likita a take, ko da an riga an koma gida.

Tambaya: Likita, ni malamin jinya ne a Yamai, ban daɗe da fara aiki ba. Da dare mu biyu ne a kan gadaje masu yawa. Na ji cewa a ƙasashen Turai akwai gadajen da ke ƙara idan mara lafiya ya sauko. Mu da ba mu da irin wannan, me za mu iya yi?

Amsa: Allah ya yi wa aikinka albarka, ƙanena. Kada rashin wannan na'ura ya karya maka gwiwa, domin a wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2012, an yawaita amfani da ita a wasu ɗakunan asibiti, kuma faɗuwa ba ta ragu ba. Abin da ya nuna amfani ba na'ura ba ne. A Ostareliya, a binciken da ya fito a 2015, an zauna da kowane mara lafiya mai cikakken hankali an yi masa bayanin hatsarin da ke kansa da lokacin da ya kamata ya nemi taimako, aka kuma wayar da kan ma'aikata, sai faɗuwa ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi, wato ɗan'uwa a gefen kusan kowane gado. Wannan mutum, idan ka ba shi minti 5 ka nuna masa yadda ake tayar da tsoho, cikin Hausa ko Zabarmanci ko harshen da yake ji, ya zama abokin aikinka na dare. Idan aka yi canjin mai jinya ka sake bayanin, domin wanda ka koya wa jiya wataƙila ya koma gida.

Ƙa'idojin duniya kan hana faɗuwar tsofaffi, waɗanda aka fitar a 2022, sun ce a asibiti kada a dogara da takardar ba da maki wajen ware mai hatsari da mara hatsari, a binciki duk wanda ya kai shekara 65, a gidajen kula da tsofaffi kuma a ɗauki kowa a matsayin mai hatsari. Tun ranar kwantarwa ka tambayi mara lafiya da danginsa ko ya taɓa faɗuwa cikin shekarar da ta wuce, ko yana jin rashin daidaito idan ya tsaya, ko yana tsoron faɗuwa, sannan ka kalli tafiyarsa da idonka. Wanda ya fi rauni ko ya ruɗe, ka nemi majo, wato shugaban malaman jinya na ɗakin, ya matso da gadonsa kusa da inda kuke zama. Ku riƙa zagayawa a kan lokaci kuna tambayar mai buƙatar makewayi, ku kuma ambaci masu hatsari da sunansu wajen miƙa aiki. Idan an faɗi, a rubuta lokacin da wurin da abin da mutumin ke shirin yi, ba don a kama mai laifi ba. Inda ake hukunta ma'aikaci a kan kowace faɗuwa, ɓoyewa ake yi, kuma ba za a taɓa gano cewa ƙofar makewayi guda ce ko fitila guda da ta mutu ke kayar da mutane ba. Gyaran daɓe, da kafa ƙarfen dafawa a bangon makewayi, da samar da kujerar bahaya ga wanda ba ya iya tsuguno, hakki ne a kan shugabannin asibiti, kuma rubutaccen bayani shi ne hujjarka idan za ka nema.

Tambaya: Mahaifiyarmu ta zame a wurin wanka a wani ƙaramin asibiti a nan Tawa, tun lokacin ba ta iya taka ƙafar hagu. Likita ya ce a kai ta babban asibiti a ɗauki hoto, dangi kuma sun ce a kira maɗori tun da ba a ga kumburi ba. Ina mafita?

Amsa: Ku bi maganar likita yau ɗin nan, Malam, Allah ya ba Inna lafiya. Tsohuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, tana jin ciwo a matsematsi ko a ƙugu, musamman idan ƙafar ta gajarce ko ta juya waje, ana ɗaukar cewa wuyan ƙashin cinya ne ya karye har sai hoto ya nuna akasin haka. Mata sun fi fuskantar wannan saboda ƙashinsu yana yin laushi bayan ɗaukewar al'ada. Wannan ƙashi yana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, shi ya sa ba a ganin kumburi, shi ya sa kuma karan ɗori ba ya kama shi, jan ƙafar da murza ta kuwa suna iya raba karayar da ba ta riga ta goce ba. Yawanci aiki ake yi, kuma ana so a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu idan jikinta zai ɗauka, domin ta samu ta zauna ta tashi da wuri, tun kafin kwanciya ta jawo ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya. Wajen ɗaukarta kada a tsayar da ita don gwaji, kada a naɗe ta a kujerar mota ko a bayan babur. A kwantar da ita a miƙe a kan abu mai tauri, a tallafe ƙafar da matasai a yadda take, kuma ku tafi da takardar da likitan ya rubuta da duk magungunan da take sha.